Daga PostgreSQL 12 zuwa 16 a sabuwar sabar: kada ka yarda a kwashe fayiloli kawai

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce rumbun bayananku na PostgreSQL 12 yana kan tsarin Ubuntu 18.04, an sayo sabuwar sabar mai Ubuntu 22.04, oga yana son a wayi gari Litinin kuna kan 16, wanda aka ɗauko wa aikin kuma ya ce a kwafe fayilolin rumbun zuwa can a gudanar da pg_upgrade, kayan aikin da ke ɗaga sigar rumbun a kan fayilolinsa yadda suke, an gama. Kai kuma kana tambaya ko ka bi haka ko ka dage a yi pg_dump, wato a fitar da bayanan a sake loda su a sabon rumbu. Hanyar kwafe fayilolin ita aka bi a wurinmu, sak, sai dai mu daga 10 muka tashi zuwa 14. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

Tun kafin in yi nisa: ka dage. Sabuntawar dole ce, wannan ba na ja, tunda 12 ta daina samun gyara tun Nuwamba 2024, ita kuma 18.04 tallafinta na kyauta ya ƙare tun 2023. Kuma pg_upgrade kayan aiki ne mai kyau, yana tsallakawa daga 12 zuwa 16 kai tsaye ba sai an bi ta 13 da 14 da 15 ba. Matsalar tana inda aka haɗa abu biyu a dare ɗaya, canjin sigar rumbun da canjin Ubuntu. Ubuntu 18.04 tana da glibc 2.27 (glibc ɓangaren Ubuntu ne da manhajoji ke dogara da shi, har wajen jera rubutu), ita 22.04 tana da 2.35, kuma a 2.28 ne, wadda ta fito a 2018, aka sauya ƙa'idar jera rubutu. PostgreSQL da wannan ƙa'idar take gina fihirisa, wato jerin da take nemo bayanai da shi cikin sauri, ta duk wani gurbi na rubutu, in dai rumbunka ba a kan tsarin jeri na C yake ba. pg_upgrade ba ya sake gina fihirisa, yadda ya same ta haka yake miƙa ta. To ka ga fihirisar an jera ta da tsohuwar ƙa'ida, ana neman abu a cikinta da sabuwa. Ka gwada da kanka yau: ka rubuta 1-1 da 11 a layi biyu, ka ba umarnin jerawa na sort su da tsarin harshe na en_US.UTF-8 a tsohuwar sabar, ka maimaita a sabuwar. Za ka ga wanda ya zo farko a nan shi ne na biyu a can.

Mu ba wanda ya faɗa mana wannan. An kawo wani ɗan kwangila, mutum mai baki, in yana magana sai ka rantse shi ya rubuta PostgreSQL ɗin. Na roƙa a ba mu dama mu gwada a wata na'ura tukuna, ya dube ni a gaban oga ya ce ya yi irin wannan aikin ba adadi, gwaji ɓata kuɗin kamfani ne. Oga ya bi shi. Aka yi aikin da dare, kafin asuba komai ya tashi, manhaja tana buɗewa, ana shiga ana fita, aka yi ta yi masa sannu da aiki. A makon ya sa aka goge tsohuwar sabar, wai a yi wani amfanin da ita. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba abin da ya faɗi. Da rumbun ya ƙi tashi a daren, da mun sani nan take, mu koma inda muka fito. A'a, shiru. Sai can bayan an kwana biyu wata ma'aikaciya mai kula da masu hulɗa da mu ta zo ta ce akwai wani mutum yana ta kira, ya ce an ce masa ba shi da asusu, alhali ya daɗe tare da mu. Na nemo lambar asusunsa, irin lambobin nan masu haruffa da ɗan layi a tsakiya, rumbun ya ce babu. Na nemo shi da ranar da ya yi rajista, sai ga shi, ga lambar tana kallona, harafi da harafi yadda na rubuta. Na sake nema da lambar, babu. Na kashe amfani da fihirisa a zaman da nake ciki na sake tambaya, sai ga layi biyu, lamba ɗaya. A gurbin da aka sa wa UNIQUE, wato dokar da ke hana maimaita lamba. Wallahi jikina ya yi sanyi, na daɗe zaune ban taɓa komai ba. Domin na gane abin da ya faru: ma'aikatanmu sun nemi mutum ba su gan shi ba, suka buɗe masa sabo, fihirisar da ya kamata ta hana ta duba inda ba nan ba, ta ce a wuce. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kowace rana tun daren sabuntawar ana ta ƙara irinsu, biyan kuɗin wasu ya shiga tsohon asusu, na wasu ya shiga sabo.

Na ce to bari a sake gina fihirisar. REINDEX, umarnin da ke yin haka, ya ƙi, ya ce could not create unique index, saboda maimaitattun da suka riga suka shiga. Komawa baya babu, an goge tsohuwar sabar, kuma ko tana nan me za mu yi da duk abin da aka rubuta tun daga ranar? Kwafin ajiyarmu na kowane dare shi ma ya kwashi ɓarnar. Haka muka zauna ni da abokin aikina muna haɗa asusu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, muna bin kowane tebur da ya rataya a jikinsu, muna duba wane biya na wane ne. Wasu sai an kira mai asusun an tambaye shi. Ban san iya daren da na kwana a gaban allo ba, gida kuwa sai dai a ga na shigo na fita.

Shi kuwa mutumin ya yi layar zana. A kira ba ya ɗauka, a tura saƙo a ga ya karanta, shiru. Da oga ya matsa masa ya bayyana a taro, sai ya shafa wa idonsa toka ya ce shi ya miƙa aiki lafiya lau, an sa hannu an karɓa, watakila wani a cikinmu ne ya taɓa abin da bai sani ba. Yana faɗa yana kallona. Ni da na roƙa a yi gwaji aka hana, ni ake nema a shafa wa kashin kaji. Na kawo bayanin glibc ɗin a rubuce, na nuna gwajin sort ɗin nan a gaban kowa, ya ce wannan ba ya cikin kwangilarsa, shi rumbun bayanai aka ba shi, ba Ubuntu ba. Ko haƙuri bai bayar ba. Abin da ya cece ni kawai saƙon imel da na tura tun farko ina neman a yi gwaji, da amsar da aka ba ni. Don haka kai ma duk abin da ka faɗa wa oganka da baki, ka koma ka rubuta ka tura masa, cikin ladabi, ka ajiye. Ba don faɗa ba. Ranar da abu ya lalace mutane kan manta wa ya ce me.

To, ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka ce rumbun naku bai kai gigabait ɗari ba. Wannan ai pg_dump zai ɗauke shi. Ka yi amfani da pg_dump na 16, ba na 12 ba, da -Fd da -j don ya yi aiki da hannu da yawa, sannan pg_restore, mai loda kwafin, shi ma da -j. Amfanin wannan hanyar shi ne duk fihirisa a sabuwar sabar ake gina ta daga tushe, da sabuwar ƙa'ida, wannan bala'in da na ba ka labari ba zai same ka ba. Kada ka manta pg_dump ba ya ɗauko masu amfani da kalmomin sirrinsu, sai ka yi pg_dumpall --globals-only ka fara loda shi. In ɗan kwangilarku ya kafe a kan pg_upgrade, to a yi REINDEX na duk fihirisar rubutu kafin a buɗe wa kowa ƙofa, kafin a rubuta ko layi ɗaya, kuma ka tsaya a kansa ka gani da idonka. Akwai amcheck, yana duba ko fihirisa a jere take daidai, daga 14 ma akwai pg_amcheck da ke bin rumbun gaba ɗaya.

Kuma don Allah ka yi aikin gaba ɗayansa sau ɗaya a matsayin gwaji kafin ranar. Sabuwar sabar tana zaune ba ta komai, ka loda mata kwafin jiya, ka duba agogo ka ga awa nawa ya ci, ka juya kwafin manhajarku ya kalle ta, ka sa masu aiki da ita kullum su danna abin da suka saba dannawa. A nan ƙananan abubuwan za su fito. Daga 14 kalmar sirri da sabuwar hanyar scram-sha-256 ake ajiye ta, sabon pg_hba.conf, fayil ɗin ƙa'idojin shiga, ma ita yake nema, to masu amfaninka da aka ajiye da tsohuwar hanyar md5 za a ƙi su, tsofaffin direbobi kuma wasu ba su san scram ba sam. Daga 15, a sabon rumbun da aka ƙirƙira ba kowa ke iya ƙirƙirar tebur a sashen public ba, sai mai rumbun ko wanda aka ba izini, in manhajarku tana ƙirƙirar tebur da kanta ka duba ko izinin ya biyo ta. Kada ka ɗauki tsohon postgresql.conf, fayil ɗin saitin rumbun, ka ɗora a kan sabon, wal_keep_segments ya zama wal_keep_size tun 13, stats_temp_directory an cire shi a 15, rumbun yana cin karo da sunan da bai sani ba zai ƙi tashi. Ka buɗe biyun gefe da gefe ka kwashe abin da kuka canza kawai. In kuna da rubutun ajiya mai kiran pg_start_backup, a 15 sunan ya koma pg_backup_start, kuma irin wannan ba a ganewa sai ranar da aka nemi kwafin aka tarar ya daina yi tuntuni. Ka rubuta \dx ka ga ƙarin kayan da aka girka, irin su PostGIS, kowanne sai an sa wanda ya dace da 16 a sabuwar sabar tukuna.

Af, ANALYZE. Ko ta wace hanya ka bi zuwa 16, ƙididdigar da rumbun ke dogara da ita wajen zaɓar hanyar amsa tambaya ba ta biyo ka. In ba ka yi ba, Litinin da safe rahoton da ke fitowa cikin daƙiƙa zai tsaya yana juyi, kowa ya ce sabuwar sigar ce ba ta da kyau. vacuumdb --all --analyze-in-stages, kafin ka buɗe.

Tsohuwar sabar kuwa kada ka bari kowa ya taɓa ta. Ka tsayar da rubutu a cikinta, ka bar ta yadda take, ka ɓoye ta daga manhaja don kada wani tsohon aiki na dare ya ci gaba da zuba mata bayanai ba ku sani ba. Ko an ce ana buƙatarta ka ce a jira ƙarshen wata ya wuce, a rufe lissafi, a ga komai ya daidaita. Kuma ku yanke tun kafin a fara: in ƙarfe kaza ya yi abu bai tafi daidai ba, mun koma 12, ba gardama. Da tsakar dare, ga gajiya ga oga yana kira, ba lokacin yanke irin wannan shawara ba ne. Ka sani kuma da zarar mutane sun fara rubutu a sabuwar, komawa ta zama asarar duk abin da suka rubuta, shi ya sa duk duba da za ka yi ka yi shi kafin buɗewa. Ka ƙirga layukan manyan teburanka a can da nan. Ka nemo wasu bayanai da lambarsu ta rubutu, musamman masu ɗan layi ko ɗigo a ciki.

Na ga wani cikin masu amsa maka ya ba ka shawarar logical replication, wato tsohon rumbun ya riƙa tura wa sabon duk canjin da aka yi har ranar juyawa. Gaskiya ne, yana rage lokacin da za a rufe sosai, kuma shi ma fihirisa sabuwa ake ginawa. Amma ba ya kwashe lambar da sequence, mai ba sabon layi lamba bi da bi, ya kai, sai ka daidaita da hannu ranar juyawa, ba ya bin canjin tsarin tebur, kuma teburin da ba shi da primary key, gurbin da ke bambance kowane layi, zai ba ka wahala wajen UPDATE da DELETE, wato gyara da gogewa. In za a iya ba ka dare guda a rufe, ni ba zan ɗora maka wannan a karonka na farko ba.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Ka samu mutum ɗaya ya zauna da kai, ko ba zai taɓa komai ba, ya riƙe takardar matakan yana karanto maka kana yi. Kuma ka yi barci da rana kafin daren. Mutanen da ke cewa a gama kafin Litinin ba su ne za su zauna suna haɗa asusu da hannu ba, kai ne. In gwajin bai samu ba a makon nan, ka gaya wa oga gaskiya cewa mako ɗaya da za a ƙara a kan 12 bai kai haɗarin shiga ba gwaji ba, ka nuna masa gwajin sort ɗin, ko wanda bai san kwamfuta ba zai gane layi biyu sun sauya wuri. 16 tana da tallafi har Nuwamba 2028, ba inda za ta gudu.

Ka turo mana jerin rumbunan da umarnin \l ya nuna, musamman gurbin Collate mai nuna tsarin jerin rubutu, da abin da \dx ya fitar, da sigar direban da manhajarku ke amfani da shi. In na gani zan faɗa maka waɗanne fihirisa abin zai shafa, kuma ina da rubutun da na yi amfani da shi wajen zaƙulo maimaitattu a wurinmu, zan sa maka shi a nan. Allah ya ba da sa'a.