Amsa kan makunnin taɓawa da yake kunna kansa da kansa

Assalamu alaikum ƴan'uwa, barkanmu da dare. To ƙanina na saurari muryarka har sau biyu, kuma na ga hoton da ka turo. Ka ce ka haɗa makunnin fitila na taɓawa da ɗan jan bod ɗin nan TTP223, wato sensar taɓawa, da rile, wato makunnin da ƴar wuta kaɗan take sarrafawa ya kunna babbar wuta, in ka sa shi a fawa bank lafiya lau, amma kana jona shi da caja sai ya riƙa kunna kansa yana kashewa babu wanda ya taɓa, balle in an tada janareta. Har ka canza sensa uku. Don Allah ka daina sayen sensa haka nan, ba laifinta ba ne.

Ka ga ita wannan sensa ba matsi take ji ba, ba ɗumin yatsa take ji ba, ɗan canjin kafasitans, wato yawan cajin da wuri zai iya riƙewa, take aunawa tsakanin farantin da ake taɓawa da giraun, wato ɓangaren nagatif na bod ɗin, kuma canjin ƙanƙani ne ƙwarai, wajen fikofarad (pF, ma'aunin kafasitans) ɗaya ko ma ƙasa da haka. Wato jikinka shi ne rabin sakit ɗin, daga faranti zuwa yatsanka, daga jikinka zuwa ƙasar da kake tsaye a kai, sannan ya zagayo ya dawo giraun na bod. To in giraun ɗin kansa yana rawa, me za ta auna? Kamar mai awon hatsi ne a ce ana girgiza masa mudu, ai ba zai taɓa samun awo daidai ba.

Cajar ce take girgiza shi. Yawancin cajojin nan akwai wata ƴar kafasita a ciki da ta haɗa ɓangaren wutar NEPA da ɓangaren bolt 5, an sa ta ne don rage hayaniya, amma tana bari ƴar wuta kaɗan ta tsallako. Gwada da kanka yanzu, ɗauki tasta ka ɗora a ƙarfen bakin USB ɗin caja tana jone, sau da yawa za ka ga ta ɗan yi ja dishi-dishi, in kuma mita ka sa a AC tsakaninsa da at, wato wayar da aka jona da ƙasa, za ka iya ganin bolt 100 ko sama da haka, kusan rabin 230 ɗinmu. Ba ta da ƙarfi, a caja mai kyau ba ta cutarwa, amma ta isa ta rikita sensa. Shi ne dai abin da yake sa wata wayar ta riƙa danna kanta in tana caji da caja mai araha. Batir kuwa ba ruwansa da wannan, shi ya sa fawa bank ya yi maka aiki.

To abu na farko, kuma wannan maganar rai ce ba maganar kyan aiki ba: kar ka kuskura ka ba sensar wuta da irin sakit ɗin nan na cikin tocila mai caji, wanda kafasita ɗaya ce kawai take rage wutar babu taransifoma. Wannan giraun ɗinsa a jone yake da layin NEPA kai tsaye, in aka juya fulogi farantin da yaro zai taɓa ya zama layif, wato mai ɗauke da wutar NEPA. Kuma nutural, wato wayar da wutar NEPA take komawa ta cikinta, ba at ba ne, kar ka haɗa giraun da nutural wai don ka samu natsuwa, wallahi na sha ganin masu yin haka kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Nemi fawa mai keɓewa ta gaskiya, wadda ta raba bolt 5 da layin NEPA, irin HLK-PM01, ko caja orijinal. In kana da wannan, kuma gidan yana da at na gaske mai sanda a ƙasa, sai ka haɗa nagatif na bolt 5 da at a wuri ɗaya tak, za ka ga ta natsu.

Sai rile. A hotonka na ga ɗan jamfa ɗin nan ruwan ɗorawa yana nan ya haɗa ƙafafun VCC da JD-VCC na bod ɗin rile. Muddin yana nan, ofto ɗin PC817 da yake kan bod ɗin, wanda aikinsa raba wutar rile da ta sensa ta hanyar haske, ado ne kawai, domin naɗin wayar cikin rile da sensa wuta ɗaya suke sha, duk sanda ya yi ƙas ɗin nan sai wutar ta yi tsalle, sensa ta ɗauka taɓa ta aka yi, ta kashe, rile ya sake yin ƙas, haka za su yi ta yi. Cire shi, ka ba JD-VCC da GND na rile wutarsu daban, daga ɓangaren sensa kuma VCC da IN kawai za ka kai, kar ka haɗa giraun ɗinsu. In fawa ɗaya gare ka, aƙalla kowa ya ja wayarsa daga bakin fawar, kar wutar rile ta bi ta kan sensa, sannan ka liƙa kafasita 100nF dab da ƙafafun sensar.

Wayar da ka ja zuwa farantin ma ta yi tsayi, na ga har ta kwanta jikin wayar fitila. Wannan eriya ka yi. Gajarta ta, in da hali kai bod ɗin kansa bayan murfin, a manne shi sosai babu iska tsakani, ka nisanta shi da wayoyin 230. Akwai ɗan gurbi a kan TTP223 na sa kafasita daga 0 zuwa 50pF, gwargwadon girmanta gwargwadon raguwar jin sensar, fara da 10 ko 22 ka gani. Kuma in ka kunna, ka ɗauke hannu na rabin sakan, lokacin take saita kanta.

Wancan ɗan'uwan da ya tambaya jiya kan zana bod na cif ɗin ESP32 mai jin hannu daga nesa, kai taka ta ɗan bambanta. Kar ka shimfiɗa giraun cikakke ƙarƙashin faranti, zai shanye siginal ɗin, yi shi raga-raga kamar rariya, ka bar tazara kewaye da farantin, kuma kowace ƙafar taɓawa ka sa mata rizista wajen om 510 kusa da cif ɗin. Da hunturu, mutum ya tashi daga kan dadduma ya taɓa sai ka ji tas saboda cajin da ya taru a jikinsa, in farantin tsirara yake cif ɗin ne zai sha, don haka a rufe shi da gilas ko roba.

Ƙanina fara da cire jamfar nan da canza caja, ka gwada a NEPA ka gwada a janareta, gobe ka turo mana bidiyo mu gani. Sai da safe.