Inda Ake Neman Ƙananan Baƙin Tsuntsaye

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa baƙin da muke yi wa jagora a Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke Jihar Yobe, suke wuce gauraka da agwagin ruwa, su ƙarar da safiya guda a kan ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, da kuma yadda nake sanin inda zan kai su.

Abin da suke girmamawa shi ne tafiyarsa. Waɗannan tsuntsaye a Turai suke ƙyanƙyasa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka mana wajen Satumba da Oktoba, sannan su koma a Maris da Afrilu, alhali wasunsu ba su wuce giram 12 ba. Daminarmu ce ke riƙe da su, domin bayan farin da aka yi a 1968, tsuntsu mai farin maƙogwaron nan da kake gani a cikin ƙaya ya ragu da fiye da rabi a Ingila a shekarar 1969.

Wajen nema kuwa, ka san itace kafin ka san tsuntsu. Gawo yana fitar da ganye da fure da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka ƙwari a kansa suke taruwa, baƙin tsuntsayen namu kuma su biyo su. Bagaruwa da aduwa ma ba a wuce su. Darbejiya dai inuwarta gare ka take da amfani, amma da wuya ka ga baƙon tsuntsu ɗaya a cikinta, ko da ka wuni. Ka fita da an idar da sallar asuba, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, ka sa rana a bayanka, ka kasa kunne, domin a nan ba kasafai suke rera waƙar da aka san su da ita ba, sai ɗan gajeren kuka daga cikin ganye.

Inda ɗan koyo yake faɗuwa shi ne bakin fadama. Akwai biyu masu kama da juna: wanda littafinka ya kira sej wabla, wanda ya cika ciyawar ruwanmu, da akwatik wabla, wanda yake ƙyanƙyasa a Belarus da Poland da Yukren, kuma sai a 2007 aka gano matattararsa ta hunturu a fadamar Juj ta Senegal. Na biyun yana da zane mai haske a tsakiyar kansa, sai dai ƙanana na farkon ma sukan nuna alamarsa, kuma baƙon da ya biya kuɗin jirgi yana son jin "shi ne". Kada ka furta sai ka ga zanen sarai tare da ratsin bayansa. Ka rubuta rana da wuri da lokaci, a ɗauki hoton kan ta sama, mu aika wa masanan cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos su duba.