Amsa ga ɗan uwan da ya yi tambaya kan dokar bindiga ta jihar North Carolina a Amurka

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana aikin kai saƙo da daddare a Greensboro, in wannan dokar ta yawo da bindiga a ɓoye babu lasisi ta tabbata ko ka saya ka ajiye a mota. Toh ni a Houston nake, mu nan Texas tun 1 ga Satumba 2021 aka fara aiki da irinta bayan gwamna Abbott ya sa hannu, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko har ƙarshen 2025 taku ba ta zama doka ba, majalisa ta amince amma gwamna Josh Stein ya hau kujerar na ƙi a Yunin 2025, daga nan 'yan majalisar suka shiga neman ƙuri'un da za su danne shi. A dokar da ake son sauyawa sai ka kai shekara 21 ka yi ajin awa 8 sannan a ba ka lasisi, ita sabuwar tana so a sauko da shi 18 kuma babu aji sam.

Amma abin da ya fi damuna, ba ka faɗi wace takarda kake zaune da ita ba. Wallahi nan mutanenmu ke faɗawa rami. Dokar jiha ba ta goge ta tarayya, wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, ko bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, asali haramun ne ya riƙe bindiga ko da harsashi ɗaya, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 15 kuma in ka fito jirgi za a sa ka. Mai girin kad, wato katin zaman dindindin, tarayya ta yarda ya mallaka, amma daftarin naku ɗan ƙasa kaɗai ya ambata, ka ga ko nan akwai magana.

Ni ina da lasisi tun kafin a soke wajabcinsa kuma har gobe sabuntawa nake. Ajin da muka yi bai kai yini ba, aka ɗauki hoton yatsu, aka yi jarrabawa, aka kai mu filin harbi. Na tafi da tunanin harbi za a koya min, ashe yawancin lokacin kan inda ba a zaro bindiga aka ƙare shi, da wuraren da ba a shiga da ita, kotu, makaranta, mashaya, da yadda za ka ɗora hannu kan sitiyari in ɗan sanda ya tsayar da kai. Wannan ne fa ake son cirewa, shi ya sa ni dai ban goyi bayan dokar ba ko kaɗan. Masu goyon baya suna cewa ɓarawo dama ba ya neman lasisi, talaka mai gaskiya ne ke biyan kuɗi yana jira, kuma ban ce ƙarya suke ba, jihohi 29 sun bi wannan hanya, Vermont ma ba ta taɓa neman lasisi ba. Sai a rage kuɗin mana, a bar karatun.

Wani dare wani ya sha gabana a babban titi ya fito yana dukan gilashina yana zagi, bindigata tana nan kusa da ni, zuciyata na tafasa, maganar malamin ajin nan ce kawai ta dawo min, na ja baya na yi kwana na tafi jikina na ɓari. Yaro ɗan 18 da ba wanda ya taɓa zaunar da shi, me kake jin zai yi a wurin?

Sannan ka duba ƙa'idar kamfaninka, Uber dai ta hana direba ɗaukar bindiga yana kan aiki. Kuma in kana zuwa Bronx wajen 'yan uwa kada ka kuskura ka tsallaka da ita, New York ko lasisin wata jiha ba ta karɓa.

Ka ga lauyan shige da fice kafin ka taka shagon bindiga, don fom ɗin da ake cikewa a can yana tambayar matsayin zamanka, kuma ƙarya a kansa laifi ne na daban. Allah Ya tsare mana kai a hanya.