Fiffiken sama na Gloster Gladiator ya ƙi zama daidai

Malam, ka ce fiffiken sama na ƙaramin samfurin roba na Gladiator ɗinka (tsohon jirgin yaƙin Birtaniya mai fikafikai hawa biyu) na kamfanin Airfix, sikeli 1/72, wato ninki 72 ƙasa da girman na gaske, yana karkacewa, wayoyin da ke ɗaure fikafikan kuma suna saki.

Kafin ka haɗa fikafikan, huda ramukan wayoyi da abin huji mai kaurin milimita 0.3, ka gama fenti, sannan ka kankare fentin daga wuraren da gam zai kama. Gam ba ya riƙe kan fenti, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Fara manna gajerun sandunan da ke kan jikin jirgin, ka tallafe fiffiken da kwali har gam ya bushe, sannan ka sa sandunan gefe da ke tsakanin fikafikan.

Wayoyi kuwa, zaren fatsa na milimita 0.1 ya isa. Ɗiga supagulu da bakin allura. In zaren ya saki, kusanto da turaren tsinke mai ci, zafin zai ja shi ya miƙe. Kada dai ka matso sosai, roba za ta narke. Supagulu kusa da gilashin matuƙi yana sa shi fari fat.

Don ganin inda kowace waya ta bi, duba hotunan Gladiator na gaske da ke gidan adana tsofaffin jirage na Shuttleworth a Ingila. In gam ya shiga ido, wanke da ruwa ka tafi asibiti.