Rigunan Sallah sun dawo mini, wane yadi zan saya?

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina da shagon ɗinki a Aboabo, nan Kumasi, da teloli uku. Shekara guda ke nan da na fara ɗinka kaya ina ajiyewa da tambarina a wuya, maimakon zaman jiran mai kawo yadi. Muna yin dogayen riguna na mata, abaya, da rigunan maza na atamfa irin na ranar Juma'a.

Kafin ƙaramar Sallah na fitar da dogayen riguna 30, tara sun dawo. Huɗu sun tsuke daga wanki ɗaya, har shafin ciki ya leƙo ta ƙasa. Uku jajaye sun zuba a kan farin aikin wuya. Biyu sun buɗe a hammata, alhali zaren ɗinkin yana nan bai tsinke ba. Da na koma ƙaro bandir na kalar da ta fi tafiya, sai ta zo da ɗan haske, mai shagon kuwa ya rantse iri ɗaya ce.

Jarin da ya rage zai sayi yadi kamar 200. Wasu sun ce in riƙa jiƙa komai a ruwan gishiri, wasu sun ce in bar kasuwannin Kejetia da Adum na nan Kumasi in nufi kasuwar Makola ta Accra ko Lome. Wane yadi ya dace da kayana, kuma yaya zan gane shi tun almakashi bai hau ba?

'Yarki a Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata,

Lokacin da ake kawo miki yadi, in riga ta tsuke laifin mai saye ne. Yanzu sunanki ne a wuya, babu wadda za ta tambayi wanda ya sayar miki da bandir. Don haka ki ɗaure wa kanki doka guda: kada ki sayi bandir sai kin sayi yadi ɗaya daga jikinsa, kin kai shago kin wahalar da shi kwana biyu. Canja kasuwa ba zai yi miki wannan aikin ba. Mai kyau da marar kyau duk suna Makola, suna Lome, kamar yadda suke Kejetia.

Mu fara da tsukewa, tunda ita ta fi cin ki. Auduga da biskos (yadi mai santsi da ake yin zarensa daga ɓawon itace da aka sarrafa) ana jan su da ƙarfi a masaƙa, da sun sha ruwa sai zaren ya koma mazauninsa. Ki shimfiɗa yadin, ki zana murabba'i inci 20 tsaye, inci 20 kwance da biro wanda ba ya wankuwa, nesa da gefe. Ki wanke shi yadda mai saye za ta wanke, da omo da cuɗa, ba yadda ke za ki lallaɓa shi ba. Ya bushe, a goge, a sake aunawa. In 20 ta koma 19, ya tsuke kashi 5 cikin 100, wato rigar inci 56 za ta rasa kusan inci uku. Auduga takan tsuke kashi 3 zuwa 5, biskos yakan wuce haka, kuma tsayi ya fi faɗi tsukewa. Ki maimaita wankin sau uku, domin wani yadin sai a wanki na biyu yake nuna halinsa. Abin da ya haura kashi 3, ko dai ki wanke dukan yadin kafin yanka, ko ki bar shi a kasuwa.

Shafin da ya leƙo kuwa, auren da bai dace ba ne. Kin sa shafin poliyesta, wanda ba ya tsukewa, a ƙarƙashin yadin da ke tsukewa. Ki gwada su tare, ki kuma yanke shafi ya gaza riga da inci ɗaya. Haka sitif, ƙyallen da ake mannawa a ciki don ƙarfafa wuya da bakin hannu: in bai tafi daidai da yadin ba, bayan wanki za ki ga wuyan ya yi ƙuraje. Ga kuma zafin garin nan. Auduga mai shan iska in an shafe ta da roba, mai sawa gumi kawai za ta sha.

Maganar gishiri ki manta da ita. Gishiri yana da aiki a cikin tukunyar rini lokacin da ake rinin, amma yadin da ya fito kasuwa rininsa bai kama ba, ruwan gishiri ba zai kama shi ba. Gwajin yana da sauƙi har a gaban mai shago za ki yi shi. Ki riƙe farin ƙyalle na auduga a jaka, ki naɗa a yatsa ki goga a kan yadin sau goma a bushe, sannan ki jiƙa wani gefen ki sake. Ɗan dishi-dishi a jiƙe ana iya haƙuri da shi a ja, baƙi da shuɗi mai duhu. In ya ɓata ƙyallen a bushe, zai ɓata hijabi da fatar mai sawa. A shago kuma ki ɗinka farin ƙyalle a jikin guntun, ki jiƙa su a ruwan omo mai ɗumi na minti 30. Duk rigar da za ta haɗa fari da mai duhu sai ta ci wannan jarrabawa. Wani guntun ki shanya rabinsa a rana kwana uku, rabin a rufe, ki ga yadda yake koɗewa.

Buɗewar hammata alamar saƙa ce mai sako-sako, zaren kwance yana zamewa a kan na tsaye. Sitati yakan ɓoye wannan, yadi ya yi ƙyam a hannu, da an wanke ya zama kamar rariya. Ki ɗinka guntaye biyu da aka riga aka wanke, ki ja da hannu biyu da ƙarfi. In kin ga tsani ya buɗe a gefen ɗinkin, yadin bai dace da riga mai kama jiki ba, sai mai yalwa. A irinsa a bar bakin ɗinki ya kai kusan inci uku bisa huɗu, a kama bakin da inji, a maimaita ɗinkin hammata.

Mai shago zai ce miki auduga zalla ce. Ki zare 'yan zaruruwa ki kunna musu ashana. Auduga da lilin suna ci da warin takarda, su bar toka mai laushi. Poliyesta narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Gauraye zai ba ki duka biyun. Biskos yana ƙonewa kamar auduga, sai dai ya fi santsi da sanyi a hannu, kuma yana rauni in ya jiƙe.

Nauyi ma a auna shi, kada a bar wa yatsa. Ki yanki santimita 10 tsaye da kwance, ki ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, ki ninka abin da ya nuna sau 100. Giram 1.2 yana nufin giram 120 a murabba'in mita. Rigar maza tana son 110 zuwa 140. Doguwar rigar mata marar shafi kada ta yi ƙasa da 120, in ba haka ba rana za ta tona asiri. Boyel ƙasa da 100 yake, shafi dole ne. Wando yana son 200 zuwa sama. Allura ma ta bi nauyin: lamba 70 ko 75 ga mai laushi, 80 ga atamfa, 90 ga shadda da yadin wando. Allura mai kauri a yadi mai laushi ita ke jawo tattarewar ɗinki, shadda kuwa ba ta mance ramin allura in an warware.

To, me za ki saya? Ga abaya, kada ki ji kunyar poliyesta. Yadin nida da na kirif masu kyau suna zubowa a jiki, ba sa tsukewa, ba sa son guga, abin dubawa kawai baƙin kada ya goge, kuma kada ya yi nauyin da zai dafa mutum. Ga dogayen riguna na yau da kullum, auduga mai matsattsiyar saƙa ko gaurayen auduga da lilin. Biskos yana da kyau a ido, amma sai an wanke kafin yanka, a kuma rataye rigar kwana guda kafin a naɗe ƙasa, domin yakan saki. Ni da zan zaɓa miki, bana ki rage shi.

Rigunan Juma'a kasuwa ce mai ɗorewa, tun da gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da sanya kayan gida ranar Juma'a a 2004 ma'aikata ba su daina nema ba. A nan atamfar gida ta fi miki: GTP da ake bugawa a Tema, ATL ta Akosombo, ko Printex. Ta Vlisco daga Holan tsadarta ta fi ƙarfin rigar ajiye-a-saya, ki bar ta ga mai oda. Ana kwaikwayon zanen waɗannan kamfanoni sosai, saboda haka ki saya wurin dilansu, ki duba suna da lambar zane a gefen atamfar, ki juya bayanta. Ta kakin gaske, wato wadda aka yi zanenta da kaki wajen rini, kalarta kusan ɗaya ce ciki da waje, bugun fuska ɗaya bayansa fari-fari ne. Shi ma yana da kasuwarsa, kawai kada ki biya kuɗin wancan ki karɓi wannan. Zane mai manyan furanni ko mai fuskantar gefe guda yana cin yadi wajen haɗa gaba da aljihu, ki ƙara kashi 10 zuwa 15 a lissafi. Ƙananan zane sun fi riba. In za ki ƙawata wuya da kenten Bonwire ko saƙar fugu ta Daboya, ki wanke ƙyallen shi kaɗai tukuna, rinin baba yana zuba.

Wajen farashi, faɗi ake tambaya kafin kuɗi. Atamfa wajen inci 45 zuwa 48 take, yadin bandir da yawa inci 58 zuwa 60. A ce mai inci 45 sidi 60 ne, mai inci 60 kuma sidi 75, na biyun ya fi araha, domin ya fi na farkon yalwa da kashi ɗaya bisa uku.

Mai shagon da ya rantse miki wataƙila bai yi ƙarya ba. Lamba ɗaya ce, tukunyar rini ce daban, kuma da wuya tukunya biyu su fito daidai. Ki sayi abin da zai ishi samfuri guda a lokaci guda, ki haɗa bakin bandir da bandir a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Riga ɗaya kada ta haɗa bandir biyu. A warware miki shi ki ga huji, tabo, da karkacewar saƙa, wadda in ta wuce inci ɗaya da rabi daga gefe zuwa gefe rigar za ta murɗe bayan wanki.

Yadi 200 ɗin nan kada ki watsa shi a iri goma. Iri uku sun isa, waɗanda kika tabbatar ana kawo su duk shekara: kamar 140 a kalolin da ba sa kwana, 40 a atamfa, sauran ki gwada sabo. Ki buɗe littafi, kowane yadi da shafinsa, ki manna guntu wankakke da marar wanki, ki rubuta shago, rana, faɗi, nauyi da tsukewa. Daga nan za ki ciro abin da za ki rubuta a ƙyallen wanki na cikin riga.

Riguna taran nan kuwa, ki kira masu su ki canja musu ko ki mayar da kuɗi. Huɗun da suka tsuke sun riga sun gama tsukewarsu, a rage shafin a sayar da su a ƙaramin sayis. Sauran 21 da ba su dawo ba, ki bi masu su da saƙo su wanke jajayen su kaɗai da ruwan sanyi, su shanya a inuwa.