Jinyar kyanwa bayan an yi mata aikin hana haihuwa: amsoshin tambayoyin manoma

Duk manomin da ke da rumbu ya san amfanin kyanwa a gida, amma kaɗan ne suka san yadda ake jinyarta. Ga tambayoyi uku da suka zo mana a kan kyanwar da likitan dabbobi ya yi wa aiki.

Tambaya ta farko daga wani manomin masara ne a Saminaka: "Jiya aka fiɗiye mini muzuru a asibitin dabbobi saboda yawon dare da faɗa. Na ga ba a ɗinke wurin ba, ga shi yana ta lasa. In sa masa toka ko baƙin mai kamar yadda muke yi wa bunsuru? Ko in ba shi rabin Panadol?"

Malam, don Allah kada ka ba shi Panadol, ko ɓantare kaɗan. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, kamar ta mutum, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babban muzuru. Jininsa ne zai kasa ɗaukar iska, dasashinsa ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Haka ibufurofen da dikulofenak da asfirin, duk a ajiye su nesa. Maganin zafin ciwo na kyanwa daban yake, likitan da ya yi aikin ne zai bayar, galibi ma ya riga ya yi masa allurarsa kafin ya sallame ku.

Rashin ɗinkin kuwa ba sakaci ba ne. Yankan da ake yi wa muzuru a marena ƙanana ne ƙwarai, da gangan ake barinsu a buɗe don ruwa ya tsiyaye, cikin mako guda zuwa kwana 10 sun haɗe da kansu. Ɗigon jini kaɗan a ranar farko ba abin tashin hankali ba ne. Jinin da ke zuba bai tsaya ba, ko marenan da suka kumbura suka yi tauri da zafi, wannan sai a koma asibiti.

Toka da baƙin mai da kanwa, kada ko ɗaya ya taɓa wurin. Ko a jikin bunsuru ban yarda da baƙin mai ba, balle kyanwa wadda duk abin da aka shafa mata a cikinta yake ƙarewa, domin da harshe take wanka. Saboda haka nake hana Dettol da Izal, a jikinta ko a daɓen da za ta kwanta, guba ne gare ta. Idan wurin ya yi datti, a tafasa ruwa rabin lita, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce, a goge gefen da auduga a hankali. In bai yi datti ba, a ƙyale shi.

Lasar ce abin da za ka hana. Harshen kyanwa kaushi gare shi, yana buɗe miki. Asibitoci na sayar da wani abin wuya na roba mai siffar mazurari. In babu, ka yanka kwali mai sauƙi ka naɗa shi haka, ya ɗan zarce hancinsa, ka bar sararin da yatsu biyu za su shige tsakaninsa da wuya. Zai yi ta ja da baya yana ƙoƙarin tuɓewa a ranar farko, daga nan ya saba.

Ka kulle shi a ɗaki mai tsabta na mako guda, ba a rumbu ba, ba kusa da garke ba, saboda ƙuda na iya zuba ƙwai a mikin ya yi tsutsa, musamman da damina. Maimakon yashi, ka yayyaga masa takarda a tsohon faranti ya yi bahaya a ciki, don yashi na mannewa a yankan. Ka kuma sa ido a kan fitsarinsa. Muzurun da ke ta tsugunne yana yunƙuri yana kuka ba fitsari, kada a bar shi ya kwana, a kai shi wurin likita a ranar.

Ta biyu daga wata mai kiwon kaji ce a Funtuwa: "An cire wa magena mahaifa kwana uku ke nan. Tana son fita ta hau katanga, abinci kuma kaɗan take ci, ga wani ɗan kumburi a wurin ɗinkin."

Hajiya, aikin mace ya fi na namiji nauyi nesa ba kusa ba, domin ciki aka buɗe, ta ƙasa ko ta gefen haƙarƙari, aka ɗinke nama hawa-hawa. Tsalle ɗaya daga katanga na iya tsinka ɗinkin ciki alhali fata na nan lafiya. Ki riƙe ta a ɗaki kwana 10 zuwa 14, har likita ya duba ko ya cire zaren in ba mai narkewa ba ne. Kukanta zai dame ki, ki daure. A ɗauke mata abin hawa, a hana yara ɗaukarta ta ciki, kada kuma a yi mata wanka. Wadda ta ƙi abin wuya, a yanka hannun tsohuwar riga mai taushi, a huda wurin ƙafafu, a sa mata ya rufe ɗinkin.

Kumburin kuwa ki taɓa da hannu mai tsabta. Ɗan ƙullutu mai tauri, ba zafi, ba ruwa, yawanci jiki ne ke amsa zare, zai baje. Amma mai laushi da ke komawa ciki in an danna, ko mai ƙaruwa, ko mai wari da mugunya, ba na jira ba ne. Haka nan in dasashinta ya yi fari, ko tana amai ba ƙaƙƙautawa, ko ta lafe ba ta motsi.

Cin kaɗan a kwanakin farko ba laifi. Ki ba ta dafaffen kifi da aka cire ƙaya ko tsokar kaza, kaɗan-kaɗan, da ɗumi don ƙamshi ya ja ta, babu albasa babu tafarnuwa, su ma suna lalata jinin kyanwa. Ruwa mai kyau a gabanta kullum. Madara kuwa na sa yawancinsu zawo. Kyanwar da ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, a kira likita, don yunwar kwanaki na taɓa hantarta. Da hunturu a shimfiɗa mata tsumma, da bazara a zaɓi ɗakin da iska ke shiga.

Ta uku gajera ce, daga wani mai shagon hatsi a Dawanau: "Muzuruna da aka fiɗiye zai ci gaba da kama ɓera kuwa? Kuma zan iya dandaƙe ɗayan da kaina?"

Zai ci gaba, Alhaji. Abin da fiɗiya ke ragewa shi ne yawo da faɗa da fitsarin nan mai wari da yake fesawa a buhuna, ka ga ma ya fi zama kusa da hatsinka. Ƙiba ce kawai ke saurin kama shi, sai ka auna abincinsa. Makonni kaɗan na farko yana iya yi wa mage ciki, a raba su kamar wata guda. Kada kuma ka zuba shinkafar ɓera don yana jinya, zai fito ya ci mataccen ɓeran.

Dandaƙa da kanka kuwa, a'a. Matsi na Burdizzo, wato ƙarfen da ake dandaƙa da shi, da zoben roba na shanu da tumaki da awaki ne, a jikin muzuru azaba ce da ruɓewa. Aikinsa sai da allurar barci a hannun likita, a asibitin dabbobi na jiha ko asibitocin koyarwa irin na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In ka kai shi, ka tambayi likitan ranar da ta dace a yi masa rigakafin ciwon haukan kare.