Amsar ƙanena kan zuwa Berlin na kwana uku

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Ƙanena na saurari saƙonka tun da rana, sai yanzu na samu zama. Ka ce bayan kun gama taronku a Frankfurt kana da Juma'a, Asabar da Lahadi a hannu, kana so ka leƙa Berlin kai da iyali, wane otal ne mai sauƙi, ina ake zuwa. To duk na ji, amma ainihin tambayarka ita ce wadda ka sako a can ƙarshe da ƙaramar murya, wai ko za a iya haɗawa da Paris tunda biza ɗaya ce. Kada ka fara. Jirgi kam yana nan, babu mai hana ka, amma za ka ƙare ba ka ga Berlin ba, ba ka ga Paris ba, ka wahalar da baiwar Allah da jan akwati daga tasha zuwa tasha. Berlin gari ne shimfiɗaɗɗe, mutum kusan miliyan 4, kuma ba shi da tsakiya guda ɗaya da za ka tsaya ka ce ka ga gari, domin shekara 28 ya yi a rabe gida biyu. Ka ba shi kwana ukun nan cif.

Af, Baba Alhaji da ya rubuto yana cewa shi ya zaci Bonn ce hedikwatar Jamus, ranka ya daɗe ai ba ka yi nisa da gaskiya ba, saboda sashen Hausa na DW daga Bonn yake magana. Bonn ita ce mazaunin gwamnatin Jamus ta Yamma tun 1949. Da aka haɗe ƙasar a 1990 aka mayar da hedikwata Berlin, majalisa kuma ba ta tattara ta koma ba sai 1999.

Daga Frankfurt kada ka hau jirgin sama. Ka shiga jirgin ƙasa, ICE, wajen awa 4 ne, ya sauke ka a Hauptbahnhof, babbar tasha, tsakiyar gari. Ka sayi tikitin tun yanzu, kuɗinsa hawa yake yi idan rana ta matso, kuma ku kama kujera tunda ku biyu ne. Otal ba zan ba ka suna ba, kuɗinsu kullum canzawa yake. Abin da za ka duba ɗaya ne: ya kasance cikin zoben jirgin nan da ya kewaye tsakiyar gari, Ringbahn, kuma ƙafa za ta kai ka tashar jirgi cikin minti biyar. Wajen tashar Friedrichstrasse, ko ta Alexanderplatz, ko wadda ake kira Zoo, duk ya yi. Otal mai araha a bayan gari, abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da lokaci.

Yanzu ka buɗe kunne, nan ne mutanenmu suke faɗawa. Tashoshin jirgin Berlin babu ƙofa, babu shinge, babu mai tsayar da kai. Sai mutum ya ga kowa na shiga yana fita, ya ɗauka kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Ka sayi tikitin awa 24 na yankin A da B, yana yi maka jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin cikin gari S-Bahn, da bas, da taram. Idan na takarda ne, akwai wani ɗan akwati ja ko rawaya a bakin dandamali, sai ka zura shi ya buga masa lokaci. Tikitin da ba a buga ba, daidai yake da babu. Masu duba tikiti kuma da yawa ba sa saka kayan sarki, kayan gida suke sawa, sai ƙofa ta rufe su fito da katinsu. Tara yuro 60 ce kowane mutum, ba sa jin "ni baƙo ne", ba sa jin roƙo. Filin jirgin sama da Potsdam kuwa suna yankin C, tikitin AB ba ya kai ka can.

Wallahi wannan abin yana tuna mini da wani bawan Allah da aka haɗa ni da shi lokacin ina can, ba zan kama suna ba, wasunku sun san shi. Na zaunar da shi na yi masa bayanin tikitin nan dalla-dalla, ya ce ai shi ya je Dubai ya je Landan, ba sai an koya masa hawa jirgi ba. Washegari aka kama shi. Ya kira ni yana faɗa, wai wariyar launin fata ce. Na ce masa wariya akwai ta a Jamus, ni ba zan ɓoye maka ba, amma wannan dai ba ita ba ce, Bajamushen da ke kusa da kai ma da bai buga ba sai ya biya. Ba ma tarar ce ta dame ni ba. Mutumin nan ya kwashe kwanakinsa a kantunan Kurfürstendamm yana gwada takalma, ya je Checkpoint Charlie, tsohon shingen sojoji tsakanin Berlin ta Gabas da ta Yamma, ya ɗauki hoto a gaban wata 'yar rumfa da ba ma ita ce ta asali ba, an sake ƙera ta ne saboda masu yawon buɗe ido, sannan ya dawo gida yana gaya wa mutane Berlin babu komai, gari ne mai duhu, duk gine-gine toka-toka. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Na ce mu je Wilhelmstrasse, inda Turawa suka yi taro kan rabon Afirka, minti goma ne a ƙafa, ya ce ƙafarsa na ciwo. Takalma bai sa ƙafar ta yi ciwo ba, sai tarihin kakanninsa. To Allah ya kyauta. Bari in koma kan maganarka.

Ranar Juma'a ku baro Frankfurt da sassafe don ka samu jam'i. Masallacin Şehitlik ne zan ce ka je, yana kan titin Columbiadamm, ginin Turkawa ne mai hasumiya biyu, a cikin tsohuwar maƙabartar Musulmi da ke nan tun 1866. Akwai wurin mata. Ka duba lokacin salla a wayarka, don can lokaci yawo yake sosai: a watan Yuni magariba sai wajen tara da rabi na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Daga masallacin ka tsallaka Tempelhof, tsohon filin jirgin sama ne da aka rufe a 2008 aka bar wa jama'a, a kan titin saukar jirgi yara suke tuƙa keke. Nan ne jiragen Amurka suka riƙa sauke abinci da gawayi a 1948 zuwa 1949 da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin Berlin ta Yamma. Sannan kasuwar Turkawa ta Maybachufer tana ci Talata da Juma'a, ka kai iyali, akwai yadi, akwai zaitun da kayan ƙamshi, za ta ji daɗinta. Abincin dare ku gangara Sonnenallee, titin Larabawa ne, shawarma da gasasshiyar kaza da shinkafa, halal ko'ina.

Maganar abinci, tunda na zo kanta. Abin da ake tallata wa baƙi da sunan abincin Berlin, currywurst, yawanci naman alade ne, kada ganin layi ya ja ka. Ka riƙe kalmar Schwein, ita ce alade. Döner, shawarmar Turkawa, kusan kowane lungu akwai, amma ka tambaya dai. Idan ka ce a ba ka ruwa za a iya kawo maka mai gas, sai ka ce "still". Ruwan famfo ana sha lafiya lau. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati, banɗaki ma biya ake yi. Kuma ku ɗauki ƙaramar gora a jaka, babu buta a banɗakunansu.

Asabar ita ce ranar tafiya. Kada ka biya kuɗin motar 'yan yawon buɗe ido. Bas mai lamba 100, da tikitinka na yau da kullum, yana tashi daga Zoo zuwa Alexanderplatz, ya bi ta gaban fadar shugaban ƙasa, ya bi ta majalisa. Majalisar, Reichstag, hawa ƙubbar gilashin da ke samanta kyauta ne, amma sai ka yi rajista a shafin majalisar tun kafin ranar, da sunanka kamar yadda yake a fasfo, kuma ka zo da fasfon. Yau ɗin nan ka yi, gurbi ƙarewa yake. Daga nan Ƙofar Brandenburg taku kaɗan ce, tun 1791 take tsaye. Gaba kaɗan akwai filin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, tubalan kankare 2,711. Don Allah kada ku hau kansu ku yi hoto, wurin makoki ne. Kuma ko da wasa kada wani ya ɗaga hannu irin gaisuwar Hitler, laifi ne a dokar ƙasar, ana kama mutum a kai.

To daga nan sai Wilhelmstrasse, wurin da nake ta magana. Ba za ka ga wani gini ba, yaƙi ya cinye fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan lokaci, gidajen zama ne yanzu a wurin. Allo ne kawai a gefen titi, da taswirar Afirka a jiki, idan ba ka lura ba sai ka wuce. A nan aka zauna taron Berlin kan rabon Afirka daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14, har da Amurka da Daular Usmaniyya, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. A nan aka raba mu da... a'a, bari in faɗa daidai, don a makaranta an ce mana a nan suka sa rula suka ja layi. Ba a nan aka ja layukan ba. Ƙa'idar rabon aka yi a nan: wanda ya kafa ikonsa a wuri ya sanar da sauran, nasa ne. Aka bar wa Sarki Leopold na Beljiyam Kwango, aka bar wa Ingila ƙasan Kogin Kwara. Layukan daga baya suka biyo, Ingila da Faransa suka yi nasu a 1890 daga garin Say na bakin Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi har Katsina ta kwana gefe guda Maraɗi gefe guda. Ingila da Jamus suka yi nasu a 1893, Yola ta zauna a nan, mafi yawan ƙasar Lamiɗo ta tafi Kamaru. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Ka tsaya a gaban allon nan ko minti biyar ne, ka karanta wa iyali. Ni a ganina Bahaushen da ya je Berlin bai tsaya nan ba, bai je ba.

Akwai ma kabarin Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ake kira Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851 ya rubuta labarin kasuwarta da marinarta, a Berlin ya mutu a 1865, yana wata maƙabarta a Kreuzberg... kai, bar wannan, lokacinka ba zai kai ba.

Tsaraba kuma ranar Asabar ɗin nan za ku gama ta. Lahadi kantuna a rufe suke, manya da ƙanana, doka ce. Sai 'yan shagunan cikin manyan tashoshi kamar Hauptbahnhof da Ostbahnhof, su ma layi har waje. Kada ka ce za ka bari sai ranar ƙarshe.

Lahadi ku yi ta katangar Berlin, wadda ta raba garin gida biyu, da gidan tarihi. Katangar an fara ta 13 ga Agusta 1961, ta faɗi 9 ga Nuwamba 1989, aƙalla mutum 140 suka rasa ransu a kanta. Kowa East Side Gallery yake gudu saboda zane-zane, kilomita 1.3, yana da kyau a hoto ban musa ba. Amma idan so kake ka gane abin da aka yi wa mutanen, Bernauer Strasse za ka je, kyauta ne. A titin nan gidajen suna Gabas, bakin titin yana Yamma, mutane suka riƙa dirowa ta taga kafin a toshe tagogin da bulo. An bar wani yanki yadda yake, da hasumiyar masu gadi da filin da ake harbin mai gudu.

Da rana sai gidan tarihi na Humboldt Forum, ka ga tagullan Benin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897. Berlin ta tara sama da 500, a 2022 Jamus ta mayar wa Najeriya mallakarsu, waɗanda za ka gani can yanzu aro ne daga wurinmu. Tsallaken titi akwai Neues Museum mai sassaƙen kan Sarauniya Nefertiti ta Masar. Gidan tarihin Pergamon da kowa yake ambata an rufe shi don gyara a Oktoban 2023, ka duba shafinsu kafin ka ɗauki ƙafa. Gida ɗaya ko biyu ya isa, kada ka ce sai ka shiga duk gidajen tarihi biyar da ke tsibirin da Neues Museum yake.

Sai abu biyu ƙanana. A gefen titi akwai layin masu keke, sau da yawa jan bulo ne, kada ku tsaya a kai, da gudu suke zuwa. Kuma a Alexanderplatz ka kula da aljihunka, musamman masu zuwa da takarda wai ka sa hannu don taimako. Ka turo mini ranar da jirginku na dawowa zai tashi daga Frankfurt, da ƙarfe nawa, don in Litinin da safe ne to dole ku baro Berlin Lahadi da yamma, sai mu mayar da Bernauer Strasse Asabar. A gaida iyali.